Zubin Dalma da Ƙiyasin Nauyinta: Ina Ragowar Take Tafiya?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga batirin mota ya san nauyinsa ya zarce girmansa. Dalilin haka shi ne dalmar da ke cikinsa, wadda ta kai kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Batir yakan mutu bayan 'yan shekaru, amma dalmarsa ba ta lalacewa. Wannan ne ya sa 'yan gwangwan ke bi gareji-gareji suna sayen matattun batura, ana tara su a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, daga nan a ɗora da yawansu zuwa masana'antun narkarwa da ke jihohin Legas da Ogun. A can ake mayar da su sanduna, a loda cikin kwantena, a fitar da su ta tashar jiragen ruwa. Fiye da rabin dalmar da duniya ke amfani da ita ta irin wannan hanya take fitowa, kuma kimanin kashi 85 cikin 100 nata wajen ƙera sababbin batura take komawa.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake zubin sandunan dalma da yadda ake ƙiyasta nauyinsu kafin a yi lodi. Daga ƙarshe za ta duba wata tambaya da lissafin kansa ke haifarwa: idan an zuba kilo dubu a tukunya, aka sami sanduna masu nauyin ƙasa da haka, ina ragowar ta tafi?

Siffofin Dalma

Ya kamata a fara da tantance suna, domin a bakin jama'a akan ce "tukunyar dalma" ga tukwanen girki na zubi, alhali kuwa da alminiyam ake yin su. Dalmar da ake nufi a nan ita ce ƙarfen nan mai launin toka, mai taushin da farce ke iya zana shi, wanda masana ilimin sinadarai ke wa alama da haruffan Pb. Daga dutsen da ake niƙawa a yi tozali ake samun mafi yawanta a ma'adinai, kuma akwai wannan dutse a yankin Abakaliki ta Jihar Ebonyi da Zurak ta Jihar Filato.

Siffofi biyu ne suka shafi wannan darasi. Ta farko ita ce saurin narkewa. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, alhali alminiyam sai zafi ya kai digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500. Watau wutar gawayi ta isa ta mayar da ita ruwa, kuma wannan sauƙi ne ya sa sana'ar ta bazu har cikin unguwanni.

Siffa ta biyu ita ce danƙarewa, watau yawan nauyin da ke cushe cikin wani ƙayyadadden girma. Idan aka yanko ɗan dunƙule wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita ɗaya ne, shi ake kira santimita kubik ɗaya. Irin wannan dunƙule na ruwa giram 1 ne, na alminiyam giram 2.7, na baƙin ƙarfe giram 7.9, na dalma kuwa giram 11.3. Saboda haka gwangwani mai cin lita ɗaya, in da dalma aka cika shi, zai haura kilo 11. A kan wannan lamba dukan lissafin da ke tafe ya ginu.

Narkarwa da Zubi

Tsohuwar dalma iri biyu ce. Akwai wadda take a matsayin ƙarfe, kamar tsofaffin bututu, da rigar manyan wayoyin lantarki, da 'yan guntayen da ake maƙalawa a kan wilin mota, da ragar da ke cikin batir. Irin wannan narkarwa kawai take bukata. Akwai kuma lakar da ke manne a jikin ragar batir, wadda dalma ce da ta haɗu da iskar oksijin da kibiritu. Ita ba ta komawa ƙarfe sai an gasa ta tare da gawayi a tanderu mai zafin digiri 1,000 ko fiye. Kashi mai yawa na dalmar batir a cikin wannan laka yake, kuma mai fasa batir da gatari a bayan gida yakan kakkaɓe ta a ƙasa ya ɗauki ragar kaɗai.

A masana'anta, akan fara da tantance kaya, a fitar da roba da tutiya da duk abin da ba dalma ba. Sai a zuba su a babbar tukunyar baƙin ƙarfe a hura wuta. Da zarar ta narke, sai a ga abin mamaki: ƙusoshi da guntayen baƙin ƙarfe suna yawo a samanta kamar kara a kan tafki, domin ruwan dalma ya fi su danƙarewa. Tare da su akwai wani toka-tokan datti da ke taruwa, wanda za a iya kira kashin dalma, kamar yadda ake cewa kashin maƙera. Akan barbaɗa garin katako a motsa domin kashin ya rabu da ƙarfen, sannan a kwashe shi da matsami. Wannan kashi ba shara ba ne da za a watsar, domin mafi yawansa dalma ce da ta haɗu da iska.

Mazubin da ake zuba ruwan dalma a ciki da baƙin ƙarfe ake yin sa, kuma bakinsa ya fi gindinsa faɗi domin sandar ta zame ta fito in an kifa shi. Abubuwa biyu ake kiyayewa a wannan mataki. Na farko, dole mazubi da ludayi da kayan da za a ƙara a tukunya su bushe ƙarau. Ɗigon ruwa idan ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yana zama tururi nan take, girmansa ya ninku kimanin sau 1,700, ya watso ƙarfen a fuska da jikin mai aiki. Na biyu, ba a barin zafi ya wuce kima. Idan ya haura digiri 500, hayaƙin dalma yana ƙaruwa ƙwarai, kuma hayaƙi ne da ido ba ya cika gani.

Lissafin Nauyin Sanda Ɗaya

Ƙa'idar guda ce: a nemo girman abu, a ninka shi da danƙarewarsa, sai a sami nauyinsa. Alal misali, a ɗauki mazubi wanda tsawon bakinsa santimita 50 ne, na gindinsa 46. Faɗin bakinsa santimita 10, na gindinsa 8. Zurfinsa kuma santimita 6. Tun da sama da ƙasa ba ɗaya ba ne, sai a ɗauki matsakaici. Matsakaicin tsawo shi ne 48, na faɗi kuma 9. Idan aka ninka 48 da 9 da 6, za a sami santimita kubik 2,592, watau kusan lita 2.6. Wanda ba ya son awo da rula yana iya cika mazubin da ruwa ya juye a kofin awo, amsar za ta zo daidai, muddin dai za a gasa mazubin ya bushe kafin a yi zubi da shi.

Idan aka ninka 2,592 da 11.3, za a sami giram 29,290, watau kilo 29.3. A nan ne masu ƙiyasi da dama ke tuntuɓe. Lambar 11.3 ta daskararriyar dalma ce, amma abin da ya cika mazubi ruwan dalma ne, wanda zafi ya buɗa shi har danƙarewarsa ta sauko zuwa kimanin 10.7. Yayin da yake hucewa yakan tsuke, shi ya sa ake ganin ɗan kwari a bayan kowace sanda. In aka yi lissafi da 10.7, nauyin zai zama kilo 27.7. Saboda haka, wanda ya auna mazubi da 10.7 zai ninka, wanda kuma ya auna sandar da ta riga ta huce da 11.3 zai ninka. A aikace, nauyin yakan faɗa tsakanin lambobin biyu, domin wani sashe na ƙarfen yana daskarewa tun ana cikin zubawa, kuma hannun mai zubi ba ya tsayawa a layi ɗaya kullum.

Bambancin kilo 1.6 a sanda ɗaya bai taka kara ya karya ba. Amma lodin tan 25 yana bukatar sanduna kimanin 900 na wannan girma, kuma a kansu bambancin ya kusa tan ɗaya da rabi. Wannan ya isa ya jawo jayayya tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Wani abin da ke sauya lissafi shi ne gauraye. Ragar batura da yawa tana ɗauke da ɗan antimoni domin ta yi tauri, dalmar lanƙaya waya kuma tana da kuza. Dukansu biyu ba su kai dalma danƙarewa ba, don haka gaurayayyar sanda ta fi zalla sauƙi. Ana iya gane haka ta dabarar da ake dangantawa da Arkimidis, masanin Girka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. A auna sanda a sikeli, a nutsar da ita a mazubin ruwa mai alamun awo, a ga yawan ruwan da ta ture, sannan a raba nauyin da wannan adadi. Sanda mai kilo 27 da ta ture lita 2.5 tana ba da 10.8. Tun da wannan ya gaza 11.3, ko dai an gauraya ta, ko kuwa akwai rami ko wani baƙon abu a cikinta. Ruwa ba ya tsami banza. Gwajin ba zai faɗi abin da ke ciki ba, sai ɗakin bincike, kuma manyan masu saye ba sa karɓa sai da takardarsa. Kasuwar Ƙarafa ta Landan, alal misali, tana cinikin dalma ne a ƙullin tan 25, kuma sharaɗinta shi ne tsarkin dalmar ya kai kashi 99.97 cikin 100.

Daga Sanda zuwa Kwantena

Kwantena mai tsawon ƙafa 20 tana da fili na kimanin mita kubik 33 a cikinta. Nauyinta ita kaɗai ya ɗan haura tan 2, kuma galibinsu iyakar abin da aka yarda su kai, haɗe da kayan ciki, shi ne kilo 30,480, kamar yadda ake rubutawa a jikin ƙofarsu. Da za a cika ta maƙil da dalma, da nauyin ya haura tan 370. Tan 25 na dalma kuwa mita kubik 2.2 kawai yake ci, watau kashi ɗaya cikin goma sha biyar na filin. Wanda ya leƙa kwantenar da ta cika lodinta na dalma zai ga kamar ba a sa komai ba, kuma wannan ruɗin ido ne ke sa a ce a ƙara kaɗan.

Saboda haka ba a tara sanduna a kusurwa ɗaya. Akan ɗaure su ƙulli-ƙulli da ɗamarar ƙarfe, a shimfiɗa su daidai a kan daɓen kwantena daga gaba zuwa baya, a tokare su da katako. In an jibge su wuri guda, daɓen yana iya ɓurmawa lokacin da ake ɗagawa, kuma a hanya nauyin yakan faɗa kan ƙafafun tirela na sashe ɗaya, ya fasa taya ko ya kifar da mota a kwana.

Ƙiyasi yana da amfani wajen shiri, domin da shi ake sanin yawan sandunan da za a zuba da yawan motocin da za a nema. Amma ba ya maye gurbin sikeli. Hanya mafi aminci ita ce a auna sanduna goma daga zubi daban-daban, a fitar da matsakaicinsu, a gwada shi da lissafi, sannan a auna kowane ƙulli kafin ya shiga. Tun daga ranar 1 ga Yuli, 2016, dokar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS ta wajabta wa mai aika kaya ya bayar da tabbataccen nauyin kwantena kafin a ɗora ta a jirgi, ko ta hanyar auna ta bayan an rufe, ko ta auna dukan abin da aka sa a ciki a haɗa da nauyinta. Cikin abubuwan da suka jawo wannan doka har da haɗarin jirgin MSC Napoli a gaɓar Ingila a 2007, inda masu bincike suka tarar kimanin ɗaya cikin biyar na kwantenonin da suka auna sun saɓa wa takardunsu da fiye da tan 3.

Har ila yau, akwai bambanci a doka tsakanin tatacciyar sanda da mataccen batir. Sanda haja ce, mataccen batir kuwa shara ce mai guba a ƙarƙashin Yarjejeniyar Bazel ta 1989, kuma ba a ƙetara iyaka da shi sai da amincewar ƙasar da za a kai. Nijeriya ta san zafin wannan lamari tun 1988, lokacin da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko.

Nauyin da Sikeli Bai Gani Ba

Ilimin kimiyya ya tabbatar da cewa narkarwa ba ta halaka sinadari. A ɗauka an zuba kilo 1,000 na tsohuwar dalma aka sami sanduna masu kilo 920. Mai kaya zai rubuta kilo 80 a matsayin asara. Wani sashe na wannan adadi roba ce da baƙin ƙarfe, amma sauran dalma ce da ke cikin kashin da aka kwashe, da ƙurar da ta sauka a ƙasa da rufin gidaje, da wadda ta maƙale a tufafi da gashin ma'aikata.

Jikin ɗan Adam ba shi da wata bukata ga dalma, amma yana karɓarta saboda kamanninta da sinadaran da yake bukata. Hanji yana tsotse ta ta ƙofar da kalsiyam da sinadarin ƙarfe ke bi, kuma ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa, musamman in yana fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. A cikin jini tana ture tutiya daga jikin wani inzayim da ke aikin haɗa jan sinadarin jini, sai ƙarancin jini ya biyo baya. A ƙwaƙwalwa tana dagula saƙonnin da jijiyoyi ke aika wa juna da kalsiyam, kuma illar da take yi wa fahimtar yaro ba ta cika gyaruwa ba. A wurin manya takan haifar da ciwon ciki mai tsanani, da hawan jini, da ciwon ƙoda, da sanyin wuyan hannu. Rabin wadda ke cikin jini yakan fita cikin kimanin wata guda, amma wadda ta shiga ƙashi tana zama shekaru gommai, ta sake fitowa lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi.

Ma'aunin da ake amfani da shi a nan ya sha bamban da na kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma a 2021 ta ba da shawarar a nemi tushen gubar a kawar da shi idan ta kai maikurogiram 5 a kowace desilita, watau kashi ɗaya cikin goma na lita. Maikurogiram kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Yaro ɗan shekara biyu yana da jini kimanin lita ɗaya, saboda haka maikurogiram 50 a dukan jininsa sun kai shi wannan mataki. A lissafi, giram ɗaya tak ya yi daidai da abin da ke cikin jinin yara 20,000 irinsa. Ba dukan dalmar da ta zube ke shiga jini ba, amma mai karatu yana iya gwada giram ɗaya da kilo 80.

Wannan ba zato ba ne. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sun rasu a unguwar Tiyaroy da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda aka shekara da shekaru ana fasa batura, daga baya kuma mata suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidaje domin tsintar dalma su sayar. A 2010 yara aƙalla 400 sun rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. A can dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake niƙawa a tsakar gida. Tushen ya bambanta, amma hanyar ɗaya ce, watau ƙura a inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi amfani da maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, sai dai maganin bai yi tasiri mai ɗorewa ba sai a inda aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka shimfiɗa sabuwa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ƙiyasin nauyin dalma bai wuce rula da lambobi biyu ba, 10.7 ga mazubi da 11.3 ga sandar da ta huce, sannan a tabbatar da sikeli. Amma lissafin bai cika ba sai an auna abin da ya shiga tukunya, da sandunan da suka fito, da kashin da aka kwashe, an kuma nemi bayanin abin da ya rage. Masana'antar da ke yin haka tana tara kashinta a rufaffen mazubi ta sake tacewa, tana da matatar hayaƙi, tana goge daɓe da ruwa maimakon shara da tsintsiya, tana hana ci da sha a wurin aiki, tana sa ma'aikata su yi wanka su sauya tufafi kafin su koma gida, tana kuma auna jininsu lokaci-lokaci.

Ga sauran jama'a, abin da ya dace shi ne a mayar da mataccen batir ɗungum, da ruwansa a ciki, ga dillalin da ke kai wa masana'anta mai rajista. Kada a fasa shi ko a narka dalma a gida ko kusa da gida, kada kuma a sake girki a tukunyar da ta taɓa ɗaukar dalma. Wanda ya daɗe a wannan sana'a, ko yake zaune kusa da inda ake yin ta, ya kamata ya nemi a auna jininsa da na 'ya'yansa ko da babu alamar ciwo, domin gubar takan daɗe tana aiki kafin ta bayyana.